Ƙungiyarmu Tana Son Buga Littattafan Yara a Accra: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambayar ta fito ne daga wata malama mai koyar da ƙananan yara a Nima. Ta ce ita da waɗansu abokan aikinta, maza da mata, daga Nima da Mamobi da Sabon Zongo, sun kafa ƙungiyar marubuta, kuma kusan kowannensu yana da labarin yara da ya rubuta ya ajiye. Abin da ya shige musu duhu shi ne: da Hausa za su buga ko da Turanci, kamfanin ɗab'i za su nema ko da kuɗinsu za su buga, sannan idan an buga, wa zai saya?

Malama, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Shawarar da zan fara ba ku, wadda duk sauran bayanin zai rataya a kanta, ita ce kada kowannenku ya ɗauki labarinsa shi kaɗai ya nufi New Town wajen masu injin buga takardu. Ku mai da ƙungiyarku ta zama ita ce kamfanin ɗab'in, ku zaɓi labari guda ɗaya daga cikin waɗanda kuke da su, ku taru a kansa har ya fito da kyau ya shiga hannun yara, sannan ku koma kan na biyu. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda ba a zaɓi nasa da farko ba, amma dalilinta a fili yake. Mai injin buga takardu abin da aka ba shi yake bugawa, ba ya gyara maka jimla, ba ya gaya maka cewa zanen shafi na tara ya saɓa wa na shafi na uku, ba kuma ya nemo maka mai saye. Waɗannan ayyuka, wato tacewa da zane da tsara shafi da zuba jari da kai littafi kasuwa, su ne aikin kamfanin ɗab'i, kuma inda babu kamfanin da zai yi muku su, dole ku raba su a tsakaninku.

Ya kamata ku fahimci abin da ya sa zai yi wuya ku sami kamfanin da zai karɓi littafin Hausa, don kada ku ɗauka raini ne. Kasuwar littattafan yara a Ghana kasuwar makarantu ce, makarantu kuwa suna bin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyar da su, waɗanda suka haɗa da Twi na Asante da Twi na Akuapem da Fante da Ewe da Ga da Dangme da Nzema da Dagbani da Dagaare da Gonja da Kasem. Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita, kuma da ita ake ciniki da wa'azi da zaman gida a kowane zango daga Accra har Bawku. Hukumar harsunan Ghana, wadda aka kafa tun 1951 don buga littattafai cikin harsunan gida, a kan waɗancan harsuna aikinta ya tsaya. Saboda haka mai kamfani, idan ya lissafa, ba ya ganin makarantar gwamnatin da za ta sayi littafin Hausa da yawa, sai ya janye. Wannan giɓi ne ku kuke shirin cikewa, kuma ba baƙon abu kuka ɗauko ba: a wannan ƙasa Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya zauna a Salaga kuma ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, a nan kuma Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyin da Baturen nan Rattray ya buga a 1913.

To, da wane harshe za ku buga? Kafin amsa, ku dubi yaron da kuke rubuta wa. Yaron Nima da Hausa yake tashi, da ita yake faɗa da wasa, amma da Turanci ake koya masa karatu a makarantar boko, a ƙara masa da Ga, ko Twi idan a Kumasi yake, sannan ya je makarantar allo ko Islamiyya ya koyi haruffan Larabci. Babu inda aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa yadda ake karanta Hausa. Uwarsa ma, wadda ita ce mai ciro kuɗin, sau da yawa haka take. Idan kuka buga da Hausa zalla, za a yaba muku a bakin masallaci amma littafin zai yi nauyin fita, idan kuma kuka buga da Turanci zalla, kun shiga kasuwar da manyan kamfanoni suka riga suka cika, kun kuma bar abin da ya tara ku. Ra'ayina shi ne littattafanku na farko su zo da harsunan biyu a shafi ɗaya, Hausa a sama da manyan haruffa, Turanci a ƙasa da ƙanana. Turancin shi zai sa shugaban makaranta ya yarda ya saya, shi zai kuma kwantar da hankalin uban da ke tsoron kada Hausa ta ɓata wa ɗansa Turanci. Hausar kuwa ita za ta sa yaron ya ji cewa da shi ake. Sai dai ku rubuta Hausar tukuna ta tsaya da ƙafarta, daga baya a yi Turancin. Idan aka juya tsarin, Hausar takan fito a sandare, yaro kuma yana jin haka tun daga jimlar farko ko da ba zai iya faɗin dalili ba.

Akwai wata muhawara da na tabbata za ta taso a zamanku, gara ku gama da ita da wuri, wato wace Hausa za a rubuta. Hausar zangonmu tana da nata kamanni. Yawancin yaranmu ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b a furuci, kuma za ka ji yaro ya ce "yarinya ya zo" ba tare da kowa ya ga laifinsa ba. Wani a cikinku zai ce a rubuta yadda muke magana, wani zai ce sai dai Hausar Kano. Abin da na ga ya fi amfani shi ne a raba maganar gida uku. A wajen rubuta kalma, ku bi daidaitacciyar ƙa'ida da haruffanta masu lanƙwasa, domin baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kuma da wannan ƙa'ida ce kaɗai littafinku zai karantu a Kano da Yamai kamar yadda zai karantu a Aboabo ta Kumasi. A wajen zaɓen kalmomi kuwa, ku riƙe na gida: yaro ya hau trotro, ya biya da sidi, ya sayi koko da ƙosai a bakin lungu, kada ku ɗora masa naira da a-daidaita-sahu da bai taɓa gani ba. A wajen ginin jimla, muryar mai ba da labari ta bi nahawun da aka daidaita, amma abin da yara ke faɗa wa juna a cikin labarin ana iya barinsa ya yi kama da bakinsu. Duk abin da kuka yanke, ku rubuta shi a takarda guda, kowane marubuci da mai tacewa ya riƙe kofe. Har ƙananan abubuwa su shiga, misali ko za ku rubuta 'ya'ya kamar yadda ake yi a Najeriya ko ƴaƴa kamar yadda ake yi a Nijar, don kada littafi ɗaya ya zo da duka biyun. Batun ajami yana da daraja, kuma akwai dattawan da za su so shi, amma ku bar shi sai kun kafu, saboda tsara shafi da rubutu iri uku aiki ne da ya fi ƙarfin littafin farko.

Yanzu ga rubutun kansa, inda na fi ganin malamai suna tuntuɓe, saboda mun saba da koyarwa, hannunmu yana saurin komawa ga nasiha. Sau da yawa rubutun da ake kawo mini yakan fara kamar haka: "A wata rana daga cikin ranakun Allah, wata yarinya mai suna Hajo, wadda ta kasance mai tsananin biyayya ga iyayenta, ta tashi da sassafe domin ta je ta sayo wa mahaifiyarta koko." Jimlar ba ta da kuskure, amma ɗan shekara shida ya riga ya juya yana kallon taga. Ga yadda za ta koma idan aka raba ta shafi-shafi. Shafin farko: "Hajo ta fita sayen koko." Na biyu: "Kuɗi a hannun dama, kwano a hannun hagu." Na uku, wanda ke gefen dama, inda yaro zai ɗaga takarda: "Sai ta ji wani abu yana bin ta a baya." Ba a ce tana da biyayya ba, an nuna ta tana tafiya aike. Ba a ce da sassafe ba, mai zane zai nuna rana tana fitowa ta bayan rufin kwano da hayaƙin murhun mai koko. Kuma an ajiye tambaya a ƙarshen shafin dama, yadda yaron da kansa zai miƙa hannu ya buɗe na gaba ya ga akuyar maƙwabta ce. Labarin yara yana son yaro guda mai neman abu guda, da cikas da ke ƙaruwa, da maimaici irin na tatsuniya wanda masu sauraro za su riƙa amsawa tare, kuma yaron ne ya kamata ya warware matsalarsa, kada a kawo babba a shafin ƙarshe ya yi masa huɗuba. Tarbiyya tana shiga ta cikin abin da ya faru, kamar yadda take shiga a labarin Gizo da Ƙoƙi ba tare da kaka ta tsaya bayani ba.

Ku kuma tantance shekarun mai karatun tun kafin a fara, domin littafin da babba zai karanta wa ɗan shekara huɗu daban yake da wanda ɗan shekara bakwai zai karanta da kansa. Na farko yana ɗaukar kalmomi masu daɗin ji ko da suna da wuya, tunda bakin babba ne zai furta su. Na biyu yana son gajerun kalmomi masu maimaituwa da jimla ɗaya ko biyu a shafi. A duka biyun, kalmomi 300 zuwa 600 sun isa littafin hoto.

Kafin ku biya mai zane ko kwabo, ku yi littafin gwaji da hannu. A ɗauki fararen takardu takwas, a ninka su biyu tare, sai su ba da shafi 32, wanda shi ne tsawon da aka saba yi wa littafin hoto. Dalilin wannan adadi na inji ne: takarda ɗaya da aka ninka tana ba da shafi huɗu, manyan injina kuma suna buga shafi 8 ko 16 a falle guda, don haka littafi mai shafi 24 ko 32 ya fi araha a kan mai 26 ko 30. A cire shafin suna da shafin haƙƙin mallaka da na sadaukarwa, abin da zai rage wa labari bai wuce buɗi 14 ba, kowane buɗi shafi biyu masu fuskantar juna. A yanka rubutun da almakashi, a manna kowane yanki inda zai zauna, a yi ɗan zanen fensir ko da na 'yan sanduna ne. A nan ne za ku ga inda labarin ya yi kitse da inda ya rame.

Wannan littafin gwaji shi za ku kai wa yara, kuma wannan mataki ne da ba na yarda a tsallake. Ku da kuke malamai kun fi kowane kamfani sa'a a nan, tunda masu hukuncin suna gabanku kullum. A tara yara kamar goma a kan tabarma bayan an tashi daga karatu, a ba wani wanda ba shi ya rubuta ba ya karanta, marubucin ya zauna a baya da biro, bakinsa a rufe. Ya lura da shafin da aka fara mutsu-mutsu, da inda aka yi dariya, da inda wani ya ce "me ke nan?", da inda mai karatun ya yi tuntuɓe. Bayan nan a miƙa wa yaro guda ya gwada karantawa da kansa, a sa ɗigo a ƙarƙashin duk kalmar da ta tsayar da shi. Za ku ga yana karanta "ce" da "ci" da lafazin Turanci, yana kuma tsayawa cak idan ya iso ƙ, abin da ke nuna cewa kuna bukatar shafi guda a ƙarshen littafin mai nuna waɗannan haruffa da hoton abin da kowanne ke farawa da shi. Kada a tambayi yara ko labarin ya yi daɗi, domin yaron zango ba zai kunyata malaminsa ba. A ce su maimaita labarin da bakinsu. Abin da suka tsallake, shi ne abin da za a sake dubawa. A maimaita gwajin a wata unguwa inda yaran ba su san marubucin ba.

Zane shi ne zai fi cin kuɗinku bayan bugu, kuma shi ne abin da mai saye yake fara gani. Ku je ɗakin karatu na yara da ke Nima, wanda asusun ɗakunan karatu na Osu ya kafa, ku zauna da littattafan Meshack Asare, wanda ya ci kyautar Noma a 1982 da kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a 2015, ku duba yadda hotonsa ke faɗin abin da rubutu bai faɗa ba. Masu zane suna nan: akwai ɗaliban zane da na sashen nazarin ɗab'i a jami'ar KNUST ta Kumasi, akwai kuma samarin unguwa masu zanen allunan shaguna waɗanda hannunsu ya faɗa. Gwajin da za ku yi wa kowane ɗaya shi ne ya zana yarinya guda sau uku, tana dariya, tana gudu, tana kuka, a ga ko ita ce dai a duka ukun, domin riƙe kamannin mutum daga shafi zuwa shafi shi ne abin da ke kayar da masu zane da yawa. Ku zagaya da shi unguwar ya ga lunguna da shagunan tela da yadda mata ke yafa mayafi, don kada ya zana muku ƙauyen da babu shi. Hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa suna da arha, amma a wannan wuri ne suke kasawa, sukan ba ka titi da fuskokin da ba na kowa ba. Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: akwai iyaye da malaman da ke da saɓani a kan zanen mai rai. Ku tuntuɓi malaman makarantun da kuke sa ran za su saya tun zanen yana fensir, ku ji iyakar abin da za su karɓa, ya fi a gama bugu a ce ba za a shigar da shi aji ba.

Tun da kuɗi da suna za su shiga tsakani, ku rubuta yarjejeniya ko da kuna ganin ku 'yan'uwan juna ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare aikin marubuci da na mai zane tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma kariyar tana farawa ne da zarar an yi aikin, rajista a ofishin haƙƙin mallaka ƙarin hujja ce kawai. Ma'anar wannan ita ce biyan mai zane ladansa bai mai da zanen naku ba, sai idan an rubuta haka. Takardar ta fayyace wa ya mallaki rubutu, wa ya mallaki zane, shekara nawa ƙungiya ke da izinin bugawa, da kason kowa. Abin da aka saba ba marubuci a kamfanoni yana kewayen kashi 10 cikin 100, a littafin hoto kuma akan raba shi da mai zane. Wannan doka tana da wani sashe da marubuta da yawa ba su sani ba: ta ɗora haƙƙin al'adun gargajiya na ƙasa, har da tatsuniyoyi, a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son yin kasuwanci da su, ko ɗan ƙasa ne, ana bukatar ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya. Idan tatsuniyar kaka za ku buga ku sayar, ku je hukumar ku ji matsayinku tukuna. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake son littafinku na farko ya zama sabon labari na yaron yau.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba ta da wahalar samu. Hukumar ɗakunan karatu ta Ghana ce ke bayar da ita ta ɗakin karatu na George Padmore da ke Accra, lambobin Ghana kuma suna ɗauke da 9964 ko 9988 bayan 978. Ku nema da sunan ƙungiya a matsayin mai ɗab'i, kuma bayan bugu ku kai kofen da dokar rajistar littattafai ta 1961 ta wajabta a ajiye. Ba tare da lambar ba, manyan shagunan littattafai da ɗakunan karatu ba za su karɓa ba.

A wajen bugu, ko a New Town kuka je ko a Asafo ta Kumasi, ku shiga da bayaninku a rubuce: girman littafi, yawan shafi, nauyin takarda, irin ɗinki, da adadi. Takardar ciki kada ta yi sirantar da hoton baya zai riƙa leƙowa. Mai nauyin giram 120 zuwa 150 tana yi, bango kuma 250 zuwa 300 da leda a kansa, saboda hannun yara da maiƙo. Hotuna su kasance masu ɗigo 300 a inci, a launukan bugu huɗu, tare da rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Ku zaɓi nau'in haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Akwai wanda ake kira Andika, kyauta ne, kuma don masu koyon karatu aka yi shi. Na sha ganin littafin da aka tsara lafiya a kwamfutar marubuci, da aka buɗe shi a ta maɗaba'a sai duk haruffa masu lanƙwasa suka koma akwatuna, aka kuma buga a haka. Maganin wannan shi ne a kai aikin a PDF, a kuma ƙi amincewa da bugu sai an ga kofen gwaji a takarda an sa masa hannu. A kofen nan ku dubi fuskokin yaran da kyau, domin launin baƙar fata yakan dushe ya cushe a inji har ido da baki su ɓace, kuma ana iya gyara shi kafin a ɗora faranti, wato fallen ƙarfen da inji ke buga hoton shafi da shi. Idan da ƙusar waya za a ɗinke, ku sani danshin Accra yana sa ta tsatsa. Ɗinkin zare ya fi tsada amma ya fi jure aji.

Kofe nawa za a buga? Babban inji yana bukatar faranti huɗu ga kowane gefen falle mai launi, kuɗin farantin kuma ɗaya ne ko kofe 100 aka buga ko 2,000, shi ya sa mai maɗaba'a zai ce muku ku buga da yawa farashin kowane kofe ya sauka. Gaskiya ya faɗa, amma kofen da ke jibge a ƙarƙashin gado ba shi da arha ko nawa aka buga shi. Mai dafa shinkafa da wake ta sayarwa ba ta auna tukunyarta da arhar shinkafa, da yawan masu tsayawa a gabanta take aunawa. Ku fara da kofe 50 zuwa 100 a ƙaramin inji na dijital, ku zagaya da su, ku karɓi oda da kuɗin kafin alƙalami, sannan ku je babban inji da adadin da kuka san inda zai tafi. Takarda daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, saboda haka kada ku dogara da farashin da aka ba ku wata uku da suka wuce. Idan kuɗi ya gaza, bango mai launi da ciki baƙi da fari ba abin kunya ba ne, yara ma sukan so su shafa masa launi da kansu.

Jarin kuwa, tsarin adashi da muka sani, wanda ake kira susu a nan, ya dace da wannan aiki, da sharaɗi guda: kuɗin ba ya zuwa aljihun wanda aka zaɓi littafinsa, yana zuwa ga littafin, abin da aka sayar kuma ya koma asusu don na gaba. A sami ma'aji da lambar MoMo ta ƙungiya, wato asusun kuɗi na wayar hannu, da littafin shiga da fita wanda kowa zai iya dubawa. Wajen sa farashi, ku haɗa kuɗin zane da tsarawa da bugu da sufuri, ku raba da yawan kofe, sannan ku ninka aƙalla sau uku, domin mai shago zai cire nasa kason, wanda yakan kai kashi 25 zuwa 40 cikin 100, akwai kofen kyauta, akwai kuma bashin da ba zai dawo ba.

Masu sayenku na farko ba a shagunan littattafai na Osu suke ba. Suna makarantun Islamiyya masu zaman kansu, inda mai makaranta shi ke yanke shawara, kuma lokacin zuwa wurinsa shi ne kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu, sa'ad da ake rubuta jerin littattafan da iyaye za su saya. Suna wajen walimar saukar karatu da ranar raba kyaututtuka, inda ake neman abin ba yara. Suna shagunan da ke sayar da littattafan addini da tasbaha a bakin masallatai, suna kuma cikin 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Jamus da Ingila, waɗanda Hausa ke kuɓuce wa 'ya'yansu, kuma su ne suka fi iya biyan cikakken farashi. Ku naɗi muryar wani mai daɗin karatu yana karanta labarin, ku yaɗa ta a WhatsApp, domin uwar da ba ta karanta boko ta kunna ta riƙa buɗe shafi tare da ɗanta. Ku nemi fili a shirye-shiryen Hausa na Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi. Duk wanda kuka bar wa kofe ya sayar, a rubuta adadi da ranar dawowa, ya sa hannu.

Kada kuma ku killace kanku a zango. Ƙungiyar marubutan Ghana tana nan tun 1957, baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa yana ci a Accra kusan kowace shekara, kuma tun da UNESCO ta ba Accra matsayin babban birnin littafi na duniya a 2023 maganar karatun yara ta ƙara samun masu saurare. A irin waɗannan wurare za ku haɗu da masu tacewa da masu zane da masu sayen littattafai na ɗakunan karatu. A intanet kuma akwai African Storybook da StoryWeaver, inda ake samun labaran yara da Hausa waɗanda aka ba da izinin saukewa da sauyawa. Suna da amfani wajen koyon yadda ake daidaita rubutu da shekarun yaro, kuma za ku iya ɗora naku guda ɗaya a can don a san da ku.

Game da tambayarki ta neman kamfanin ɗab'i, Malama, ban ce a rufe wannan ƙofa ba, lokacinta ne bai yi ba. Idan kuka fitar da littafi biyu ko uku, kuna riƙe da littafin lissafi mai nuna makarantun da suka saya da adadin da suka sake nema, to kuna da abin da za ku ajiye a teburin mai kamfani, kuna kuma da hujjar kai littafin ga NaCCA, hukumar da ke tantance littattafan da ake shigarwa makarantu, ku nemi a amince da shi a matsayin littafin ƙarin karatu. A zamanku mai zuwa, kowa ya zo da labarinsa ba tare da suna a kai ba, a karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi uku da za a yi wa littafin gwaji, yaran makarantunku su fitar muku da wanda za a fara bugawa.